JBoss EAP 8: mu tashi daga 7.4 a bana ko mu dakata?

Abu Safwan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu taɓa JBoss EAP 8, sabar nan ta kuɗi da ake ɗora manhajojin Java a kanta. Tun watan Fabrairun 2024 da Red Hat ta fitar da shi ake ta maganarsa a wajen aikinmu, yanzu kuma shugabanni sun ce in kawo shawara a rubuce: mu tashi daga 7.4 a bana, ko mu bari sai baɗi. Manhajar tamu ta biyan albashi ce da lissafin fansho, ta kwana biyu, an gina ta da EJB (ɓangaren aikin lissafi) da JSF (ɓangaren shafuka) da Hibernate (mai magana da rumbun bayanai), kuma har yau a kan Java 8 take tafiya. Na karanta abin da suka lissafa a matsayin sabo: Jakarta EE 10, Java 17, sabuwar hanyar girkawa da sabuntawa, shiga da OpenID Connect ba tare da an ɗora wata adafta ba. Duk na gani. Abin da takardun ba su gaya mini ba shi ne inda wahalar take, da kuma ko ribar ta kai wahalar.

Baffa Injiniya

Wa alaikumus salam. Abu Safwan, kafin kowa ya ba ka amsa, gaya mana abu biyu. Ta yaya ma'aikata suke shiga manhajar, wato ina ake tantance suna da kalmar sirri? Sannan wane laburare kuke amfani da shi a kan JSF, PrimeFaces ne ko RichFaces?

Abu Safwan

Baffa, shiga ta hanyar tsohon tsarin tsaron nan ne na cikin standalone.xml, akwai wani LoginModule da waɗanda suka gabace mu suka rubuta, yana duba rumbun bayanai. Fuskar manhajar mafi yawanta PrimeFaces ne, amma akwai wasu shafuka na rahoto da suka rage a kan RichFaces.

Baffa Injiniya

To ka riga ka faɗi inda aikinka yake. Bari in bar sauran su fara, zan dawo.

Bakatsine

Ni dai ra'ayina a fili yake. Idan har za ku taɓa kowane fayil na manhajar don canza sunan fakiti daga javax zuwa jakarta, kuma ku sake tsarin tsaro, kuma ku sake Java, me ya rage? Ku ɗauke ta gaba ɗaya ku mayar Spring Boot, tsarin gina manhajar Java da ba ya buƙatar irin wannan sabar. Za ku huta da kuɗin lasisin da ake biya da dala, za ku samu yara masu neman aiki da suka iya shi, domin duk wanda ya koyi Java a 'yan shekarun nan Spring ya koya. Wa ke koyon EJB yanzu?

Auta

Don Allah manya ku yi haƙuri da tambayata, ni sabon shiga ne. Me ya sa ma aka canza sunan daga javax zuwa jakarta? Wani abu aka gyara a ciki ne?

Baffa Injiniya

Auta, tambayarka tana kan hanya. Ba gyaran fasaha ba ne, rikicin mallakar suna ne. A 2017 kamfanin Oracle ya miƙa Java EE ga gidauniyar Eclipse, aka sa masa suna Jakarta EE. Amma sunan Java mallakar Oracle ne, kuma ɓangarorin biyu sun daɗe suna tattaunawa ba su daidaita ba a kan ko Eclipse za ta iya ci gaba da ƙara sababbin abubuwa ƙarƙashin javax. A watan Mayun 2019 shugaban gidauniyar, Mike Milinkovich, ya sanar cewa ba a cimma yarjejeniya ba. Sai ya zama ko a bar javax a daskare har abada, ko a ƙaura. Jakarta EE 8 da ya fito a 2019 bai canza komai ba, Java EE 8 ne da sabon suna. Jakarta EE 9 na ƙarshen 2020 shi ne ya yi ƙaurar, kusan ba abin da ya kawo sai ita. Jakarta EE 10 na watan Satumban 2022 shi ne na farko da ya zo da sababbin abubuwa na gaske. EAP 7.4 yana kan Jakarta EE 8, EAP 8 yana kan 10. Ka ga tsalle biyu ne a lokaci ɗaya.

Kuma Bakatsine, wannan ƙaurar ba ta bar Spring a baya ba. Spring Boot 3 da ya fito a watan Nuwamban 2022 shi ma jakarta yake, kuma ba ya tashi sai da Java 17. Sabar Tomcat 10 ma jakarta take. Duk inda mutum ya gudu zai tarar da ita.

Bakatsine

Na sani Baffa. Abin da nake cewa shi ne tunda dole a sha wahala, a sha ta sau ɗaya a fita daga manyan sabar nan.

Maman Nusaiba

Malam Bakatsine, ban yarda ba, kuma zan faɗi dalili. Canza sunan fakiti aiki ne da na'ura ke yi. OpenRewrite yana da girke-girkensa na wannan ƙaurar, Red Hat tana da Migration Toolkit for Applications da zai karanta manhajarka ya fito maka da jerin wuraren da za su karye. Amma sake rubuta manhajar albashi daga EJB zuwa Spring ba na'ura ce za ta yi ba, mutum ne, kuma mutumin dole ya fahimci kowace ƙa'idar lissafi da aka cusa a ciki tsawon shekaru. Irin waɗannan manhajoji cike suke da abubuwan da ba a rubuta a ko'ina ba: yadda ake cire haraji ga wanda ya fara aiki a tsakiyar wata, yadda ake lissafin bashin ƙarin girma, wane ciniki ne (transaction) zai koma baya gaba ɗaya idan wani ɓangare ya gaza. Sabar ce ke riƙe da wannan na ƙarshen a EJB ba tare da ka ce mata komai ba. Ranar da ka sake rubutawa, kai ne za ka tuna da kowanne. Idan ka manta ɗaya, albashin wani ne zai zo ba daidai ba, kuma shi bai san Spring ba bai san EJB ba, ya san dai yana da iyali.

Abu Safwan, ga abin da nake so ka sa a takardarka da manyan baƙaƙe: Hibernate. EAP 7.4 yana ɗauke da Hibernate 5.3, EAP 8.0 kuma da 6.2. Wannan ba canjin suna ba ne, injin ne aka sake. Tsohon Criteria na Hibernate, wanda ake kira da session.createCriteria, an cire shi gaba ɗaya, sai dai ka koma na JPA, ƙa'idar da Hibernate yake bi. Mai fassara HQL, harshen tambayoyin Hibernate, sabo ne, ya fi na da tsauri, tambayoyin da a da yake kau da kai ya wuce da su yanzu zai ƙi su, musamman inda aka kwatanta lamba da rubutu. Wannan ma da sauƙi, domin yana ihu ka ji.

Wanda ba ya ihu shi ne na lambar shaida. Idan teburanku suna amfani da GenerationType.AUTO, a Hibernate 5 dukkansu daga jeri ɗaya suke ɗiba, hibernate_sequence. A 6 kowane teburi yana neman nasa jerin, mai sunan da ya ƙare da _SEQ. Idan an bar Hibernate yana ƙirƙirar abin da ya rasa da kansa, zai ƙirƙiri sabon jeri ya fara ƙirga daga farko, ya yi karo da lambobin da ke cikin teburin tun da. A rumbun gwaji da babu komai a ciki ba za ka taɓa ganin wannan ba. Akwai saitin hibernate.id.db_structure_naming_strategy da ke mayar da shi tsohon hali, amma sai wanda ya san da zancen zai neme shi. Don haka gwajinku ya zama a kan kwafin ainihin bayanai, bayan an ɓoye sunaye da lambobin asusun mutane.

Abu Safwan

Anti, Allah ya saka da alheri. AUTO muke amfani da shi a kusan ko'ina. Wannan kaɗai ya isa dalilin buɗe zancen nan.

Mai Gadin Sabar

Ku masu rubuta manhaja kuna ta maganar abin da zai karye. Ni da nake kwana da sabar bari in faɗi abin da ya gyaru, domin Abu Safwan ya tambayi riba ma.

A EAP 7, sabuntawa ita ce ka sauko da fayil ɗin zip na faci, ka shiga CLI ka ce patch apply, sababbin fayiloli su hau kan tsofaffi su zauna a gefe. Bayan an yi haka sau da yawa sabar ta yi nauyi, kuma masu binciken tsaro idan suka zo da na'urarsu sai ta riƙa ganin tsofaffin fayilolin jar da ba a ma amfani da su, ta ce akwai rauni. Sai ka zauna kana bayani. A EAP 8 an kawo jboss-eap-installation-manager. Sabar tana bin abin da suke kira channel, wato jerin da ke faɗin wane sigar kowane ɓangare ne aka gwada tare. Idan ka sabunta, ana haɗa sabuwar sabar a gefe, sannan a maye gurbin tsohuwar. Yana ajiye tarihin duk abin da aka yi, kuma kana iya komawa matakin baya idan abu ya ƙi. Ga wanda sabar ɗinsa ba ta taɓa intanet, kamar yawancin na bankuna da ma'aikatu, ana iya sauko da ma'ajiyar Maven ɗin a zip a wata na'ura, a kawo ta a sabunta daga ita.

Na biyu shi ne Galleon. Da, ko manhajarka servlet biyu ce da teburi ɗaya, sai ka girka sabar gaba ɗayanta, da saƙonni da komai. Yanzu da filogin Maven na EAP kana zaɓar yadudduka da kake buƙata kawai, misali jaxrs-server, ya gina maka sabar da babu sauran a ciki sam. Ba kashe su aka yi ba, babu su a faifai. Ku tuna watan Disambar 2021 da raunin tsaron nan na laburaren log4j, Log4Shell, ya ɓulla, yadda kowa ya kwana yana tono cikin na'urorinsa yana neman inda log4j ya ɓuya. Abin da ba ka girka ba, ba za a tashe ka da dare a kansa ba. A wurina wannan ya fi duk sababbin abubuwan Jakarta EE 10 daraja.

Ɗan Maraɗi

Sannunku da aiki. Mu nan ba mu da kuɗin EAP, WildFly muke amfani da shi, ɗan uwansa na kyauta, kuma duk abin da Mai Gadi ya lissafa daga can ya fito. Galleon ya daɗe a WildFly. Jakarta EE 10 ya shigo tun WildFly 27 a watan Nuwamban 2022, fiye da shekara kafin EAP 8. Tsohon tsarin tsaro an cire shi tun WildFly 25 a 2021. Wato wahalar da kuke shirin sha, mu mun sha ta tuni, kuma amsoshin tambayoyinku suna nan a dandalin WildFly. Abu Safwan, me zai hana ku bar biyan kuɗin ku dawo nan? Gida ɗaya ne. JBoss AS ne aka canza wa suna zuwa WildFly a 2013 don a bambanta shi da na sayarwa.

Baffa Injiniya

Ɗan Maraɗi, gida ɗaya ne, amma alƙawarin ba ɗaya ba ne. WildFly yana fitowa kusan duk wata uku, kuma da sabo ya fito, hankalin masu aikin ya koma kansa. Idan aka gano rauni a sigar da kake kai ta bara, maganinka shi ne ka hau sabuwa, da duk canjin da ta zo da shi. Wanda ke da ƙungiya mai ƙarfi da gwaje-gwaje masu sarrafa kansu zai iya wannan tseren. Wanda ya biya EAP yana sayen shekaru ne da za a riƙa kawo masa gyaran tsaro ba tare da an canza masa ƙasa a ƙarƙashin ƙafa ba, da kuma wanda zai kira idan abu ya tsaya a ƙarshen wata. Manhajar da har yau take kan Java 8 ta riga ta nuna maka cewa masu ita ba sa sabuntawa duk wata uku. Ba laifi nake ɗora musu ba, haka yawancin wuraren aiki suke.

Ɗan Maraɗi

Gaskiya ne Baffa, amma kuɗin ma gaskiya ne. Ku da ke Najeriya kun fi ni sanin abin da dala ta yi wa naira tun tsakiyar 2023. Lasisin da aka sa wa hannu da wani lissafi, yau wani lissafin ne daban. Akwai wuraren da zaɓinsu ba tsakanin EAP 7 da EAP 8 yake ba, tsakanin WildFly ne da zama a kan tsohuwar sabar da ba mai gyara ta. A nan WildFly ya fi alheri nesa ba kusa ba.

Baffa Injiniya

A wannan na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Zama a kan abin da ba a gyarawa shi ne mafi muni a cikin ukun.

Yanzu bari in dawo kan abin da na ce zan dawo. Abu Safwan, shugabanninka sun ba ka zaɓi biyu, bana ko baɗi, kamar ƙaurar abu ɗaya ce da ake yi rana ɗaya. Ba haka take ba. Abubuwa huɗu ne aka ɗaure wuri guda: Java, tsaro, sunan fakiti, da Hibernate. Biyu na farko ba sa buƙatar EAP 8 ko kaɗan.

Elytron, sabon tsarin tsaron, yana cikin EAP tun 7.1 a 2017. Shekaru ke nan yana zaune kusa da tsohon, PicketBox, ana ta gargaɗi cewa tsohon zai tafi. A EAP 8 ya tafi, shi da PicketLink da rumbun sirrin nan na vault. Amma a 7.4 da kake kai yanzu dukkansu biyu suna nan. Ma'ana kana iya ƙaura zuwa Elytron yau, a kan sabar da ka sani, manhajarka ba ta canza ko layi ɗaya na javax ba, kuma idan abu ya ƙi, tsohon saitin yana nan ka koma. Haka Java: 7.4 yana tafiya a kan 11, kuma sabuntawarsa na baya-baya suna tafiya a kan 17, da sharaɗin ka koma Elytron, domin tsohon tsaron ba ya aiki a kan 17. Har fayil suka ajiye a docs/examples mai suna enable-elytron-se17.cli don wannan.

To ka ga tsarin ya fito da kansa. A kan 7.4 ka gama da tsaro, ka fitar, a yi albashin wata ɗaya ko biyu da shi. Sannan ka ɗaga Java, ka fitar. A nan za ka haɗu da tsofaffin laburaren da ke leƙa cikin hanjin JDK, waɗanda Java 17 ya rufe wa ƙofa, ka sabunta su ko ka buɗe musu da --add-opens na ɗan lokaci. Sai ya rage sunan fakiti da Hibernate da JSF a ranar hawa 8. Idan ka haɗa huɗun a dare ɗaya kuma shiga ta ƙi, ba za ka san wanne ne a cikinsu ya jawo ba. Ba a gyaran rufi da tushe rana ɗaya alhali mutane na kwana a ɗakin.

Game da jira kuwa, kulawar yau da kullum ta EAP 7 ta ƙare a ƙarshen Yunin 2025. Bayan nan sai ƙarin kulawa da ake saye daban. 

Bakatsine

Baffa, wannan tsarin ya yi ma'ana, ba zan musa ba. Amma har yanzu ina nan a kan cewa sabon aiki kada a fara shi a kan irin wannan sabar. Ko Red Hat ɗin da kanta ai ta fito da Quarkus, wani tsarin gina manhajar Java marar nauyi, tun 2019.

Maman Nusaiba

Sabon aiki daban, Malam. Ba shi aka tambaya ba.

Abu Safwan

Baffa, abin da ke damuna a Elytron shi ne LoginModule ɗin nan namu. Wanda ya rubuta shi ya bar wajen tun kafin in zo. Dole sai an jefar da shi?

Baffa Injiniya

Buɗe shi ka ga me yake gada. Idan ya gaji wani aji na PicketBox, irin su DatabaseServerLoginModule ko UsernamePasswordLoginModule, to ba zai rayu a 8 ba, domin iyayensa babu su. Idan kuwa JAAS ne tsantsa, wato tsarin tantancewa na Java kansa, EAP 8 yana da jaas-realm a cikin Elytron da zai ɗauke shi yadda yake. Amma kafin ka nemi hanyar ceto shi, duba ko yana yin wani abu da ya wuce ɗauko kalmar sirri da matsayin ma'aikaci daga teburi. Sau da yawa ba ya yi. Idan haka ne, jdbc-realm zai yi aikin da tambayar SQL ɗaya ko biyu, ka rage lambobin da kake reno.

Mai Gadin Sabar

In ƙara a kan na Baffa. Kalmomin sirrin rumbun bayanai da ke cikin vault, elytron-tool yana da umarnin da ke mayar da su credential store, ba sai ka sake shigar da su da hannu ba. JBoss Server Migration Tool kuma zai ɗauke maka standalone.xml zuwa sabon tsari, amma kada ka miƙa masa amana a ɓangaren tsaro. Yana iya ƙoƙari da saitin da kowa ke amfani da shi, abin da kuka ƙera da hannunku kuwa sai kun zauna da shi. Karanta abin da ya fitar layi-layi.

Auta

Yaya Mai Gadi, ni na ga wani bidiyo da aka ce Eclipse Transformer yana canza fayil ɗin war kai tsaye daga javax zuwa jakarta ba sai an taɓa lambobin ba. Me ya sa ba za a yi haka kawai ba?

Mai Gadin Sabar

Yana yi, ƙanena, kuma yana da amfani a wuri ɗaya: laburaren da ba naka ba, wanda masu shi suka daina kula da shi, ba su fitar da na jakarta ba. Amma sunaye kawai yake canzawa. Abin da aka cire daga Jakarta EE 10 ba zai dawo da shi ba.

Maman Nusaiba

Kuma an cire da dama, musamman a Faces 4.0, wato sabon JSF. Tsohon @ManagedBean na JSF ya tafi, sai CDI, tsarin da ke cusa wa aji abin da yake buƙata, da @Named. Amfani da JSP a matsayin shafin Faces ya tafi, sai Facelets. Wanda ya canza @ManagedBean zuwa @Named ya kula da @ViewScoped, ya tabbata na jakarta.faces.view ya ɗauko. Sannan CDI 4.0 ya canza ma'anar beans.xml da babu komai a cikinsa. A da, fayil ɗin wofi yana nufin a ɗauki kowane aji a matsayin bean. Yanzu yana nufin a ɗauki masu alama kawai. Sai ka ga manhaja ta ƙi tashi tana cewa ba ta sami abin da za ta cusa ba, alhali ajin yana nan. Maganin layi ɗaya ne, ka rubuta bean-discovery-mode="all", amma sai ka san inda za ka duba.

Auta, wani abin kuma da zai amfane ka: kada ka buɗe edita ka ce a canza duk javax zuwa jakarta. javax.sql da javax.naming da javax.crypto da javax.net na JDK ne, suna nan yadda suke. Har javax.transaction.xa bai motsa ba, alhali javax.transaction ya koma jakarta. Kuma sunan yana ɓuya a wuraren da ba lambobin Java ba: cikin persistence.xml, cikin web.xml, da sunayen fayilolin da ke META-INF/services.

Ɗan Maraɗi

Tunda an yi ta faɗin abin tsoro, bari in faɗi abin da na ji daɗinsa a EE 10. Jakarta REST 3.1 ya kawo karɓar fayil ta multipart a cikin ƙa'idar kanta, ba sai ka jingina da abin RESTEasy kaɗai ba. Persistence 3.1 ya san UUID a matsayin lambar shaida. Concurrency 3.0 ya ba ka damar bayyana tafkin zaren aikinka a cikin lambobi da @ManagedExecutorDefinition. Sai OIDC, wato OpenID Connect ɗin da Abu Safwan ya ambata: ka sa OIDC a web.xml, ka ajiye oidc.json a WEB-INF, shi ke nan manhajarka tana tura mutane Keycloak, sabar tantance masu shiga, su shiga. Da sai ka girka adaftar Keycloak a kan sabar, kuma su masu Keycloak sun sanar tun 2022 cewa za su daina kula da yawancin adaftocin nan. Ga wurin da ke da manhajoji da yawa kowacce da nata teburin kalmar sirri, wannan babbar dama ce ta haɗe su a ƙofa ɗaya.

Baffa Injiniya

Dama ce, amma Abu Safwan kada ka sa ta cikin wannan ƙaurar. Ka gama hawa 8 tukuna da shigar da mutane suka saba.

Abu Safwan

Na ji Baffa. Na buɗe LoginModule ɗin yanzu. DatabaseServerLoginModule ya gada, abin da ya ƙara kawai shi ne yana hana wanda aka dakatar shiga. Kalmomin sirrin kuma SHA-256 ne a rubuce da hex, babu gishiri (salt, ƙarin haruffan da ake cakuɗawa da kalmar kafin a ɓoye ta). Sai RichFaces da ba wanda ya ce komai a kansa.

Maman Nusaiba

RichFaces an rufe shi tun Yunin 2016, babu na jakarta daga masu shi, kuma ko ka bi ta kansa da Transformer ba ni da natsuwar zai zauna lafiya da Faces 4.0. Shafukan rahoton nan ku mayar da su PrimeFaces tun kuna kan 7.4, shi ma aiki ne da ba ya jiran 8. PrimeFaces yana fitar da jar ɗinsa iri biyu, ranar ƙaura sai ku ƙara classifier na jakarta a pom.xml.

Baffa Injiniya

Na dakatarwar kuwa sharaɗi ne da za ka ƙara a WHERE na tambayar jdbc-realm, ajin gaba ɗaya ya tafi. Don kalmomin sirrin, yi amfani da simple-digest-mapper, algorithm ɗin simple-digest-sha-256, kuma ka tuna ka sa hash-encoding ya zama hex, domin idan ba ka faɗa ba base64 yake ɗauka, kowa zai kasa shiga kuma saƙon kuskuren ba zai gaya maka dalili ba. Kunna TRACE a kan org.wildfly.security lokacin gwaji, za ka ga inda yake tsayawa. SHA-256 marar gishiri bai dace da bayanan albashi ba, Elytron yana da bcrypt-mapper, amma wannan sai an sa kowa ya sake kalmar sirrinsa ko a riƙa sauyawa a hankali yayin da suke shiga, don haka rubuta shi a takardarka a matsayin aiki na gaba mai zaman kansa.

Abu Safwan

Zan gwada jdbc-realm ɗin a sabar gwaji gobe in Allah ya kai mu. Mai Gadi, idan kana da misalin umarnin CLI na haɗa shi da application-security-domain na Undertow (ɓangaren yanar gizo na sabar) da na EJB, turo mini, domin a nan nake ganin zan fi tuntuɓe.

Mai Gadin Sabar

Zan turo da safe in sha Allah. Ka duba jboss-web.xml da jboss-ejb3.xml naku tukuna ka gaya mini sunan security-domain da ke ciki, saboda sunan da za mu ba na Undertow da na EJB dole ya zo daidai da shi.